Komawa CEDEAO: abin da ake faɗa da abin da ke rubuce

Daga kasuwar Dole har tashar Magarya, magana biyu ke yawo. Wasu sun ce tun da Nijar ta kammala ficewa daga CEDEAO, ƙungiyar tattalin arzikin ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, ƙofa ta rufu har abada. Wasu kuma sun ce sa hannu ɗaya ya isa a koma. Duka biyun ba haka ba ne.

Shugabannin ƙasashen ƙungiyar ne ke karɓar sabon memba, kuma ba sa gaggawa. Maroko ta nema a 2017, an amince mata a baki, har yau tana waje. Moritaniya da ta fita a 2000 yarjejeniyar ƙawance kawai ta samu.

Sharaɗin kasuwanci ba shi da wuyar ganewa: kuɗin duwan bai ɗaya a kan kayan waje, da barin mutane su wuce ba biza. Kuɗin sefa ba ya cikin wannan lissafi, na UEMOA ne, ƙungiyar ƙasashen yankin masu amfani da sefa, kuma Nijar na cikinta.

Inda gizo ke saƙar shi ne yarjejeniyar Dakar ta 2001, wadda CEDEAO ta yi kan dimokuraɗiyya. Ta ce mulki ta hanyar zaɓe kaɗai ake hawansa, soja na ƙarƙashin farar hula, kuma ba a yi wa dokar zaɓe babban gyara cikin wata shida kafin zaɓe sai da yardar mafi yawan ƴan siyasa. A kanta aka dakatar da Nijar a Oktoban 2009, lokacin tazarcen Tandja.

Hukuncin ne ake yawan kuskurewa. Sashe na 45 na yarjejeniyar abu uku ya lissafa: a ƙi mara wa ƴan takarar ƙasar baya a muƙaman duniya, a daina taron ƙungiyar a cikinta, a dakatar da ita daga zaman yanke shawara. Rufe iyaka ba ya ciki. Shugabannin ƙungiyar ne suka yanke wa Nijar shi a Abuja ranar 30 ga Yulin 2023, bayan juyin mulkin soja. Wanda ya ji a jikinsa shi ne mai kai awaki Maigatari da mai shagon da firjinsa ya mutu don rashin wuta.

Nan fa ake da ja. Alpha Condé ya sauya tsarin mulkin Gine a 2020 ya yi wa'adi na uku, ba wanda ya rufe masa iyaka.