An kama ɗan'uwanka a Garwa ko Marwa: me doka ta ce, me za ka yi?

A unguwanninmu na arewacin Kamaru da wuya ka sami gidan da bai taɓa kai abinci komisariya, wato ofishin 'yan sanda, ko birgad, wato ofishin jandarma, ba. Waɗanda suka kwana a can, direba ne, ɗan kasuwa ne ko ɗan acaɓa, kusan labarinsu ɗaya: ba a gaya musu laifinsu ba, ba su san kwana nawa za su yi ba, kuma sun sa hannu a takardar da ba su iya karantawa ba. Ga tambayoyin da iyalai suka fi yi.

Kwana nawa ɗan sanda ke da ikon riƙe mutum?

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta Kamaru, wadda aka sa wa hannu ranar 27 ga Yulin 2005 ta fara aiki 1 ga Janairun 2007, ta ce awa 48 ne, ana iya sabuntawa sau ɗaya. Bayan haka sai da rubutaccen izinin mai gabatar da ƙara na gwamnati, shi ma sau biyu kawai zai ƙara. Idan nesa aka kamo mutum, ana ƙara awa 24 a kan kowane kilomita 50. Wanda aka tsayar don tantance ko shi wane ne, tsarewarsa ba ta wuce awa 24.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba. Ba a fara tsare mutum ranar Asabar, Lahadi ko ranar hutu, sai wanda aka kama yana cikin aikata laifi. Shi ya sa tsofaffin hannu ke tsoron sammacin yammacin Juma'a, domin tsarewar da ta fara Juma'a tana iya cinye ƙarshen mako gaba ɗaya.

Za su iya shigowa gida da dare?

Ko da takardar kamu ko ta bincike a hannunsu, doka ta hana shiga gidan mutum daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe, sai binciken da aka riga aka fara da rana. In sun zo, kada a yi kokawa, kada yara su yi jifa. A nemi ganin takarda, a aika a kira mai unguwa ko jauro ya shaida, a tambayi inda za a kai shi.

Mene ne ya fi cutar da mutanenmu a can ciki?

Takardar bayani. Duka yana warkewa, amma wannan takarda ita ke bin mutum har gaban alƙali. Ana yi maka tambaya da Faransanci, ko wani ya juya maka da Fulatanci sama-sama, jami'i ya rubuta abin da ya fahimta, sannan a miƙo biro a ce sa hannu ka tafi gida. Mutum ya kwana biyu a ƙasa, sauro ya ci shi, hankalinsa na kan iyali, sai ya dangwala. Watanni bayan haka a karanta masa a kotu cewa ya amsa ya san kayan sata ne lokacin da ya saya, alhali abin da ya faɗa shi ne ya saya a kasuwa.

Doka tana tare da kai a nan. Wajibi ne tun farko a sanar da kai cewa kana iya yin shiru, kana iya neman lauya. Wajibi ne a karanta maka abin da aka rubuta, a fassara maka in ba ka jin harshen. In bai yi daidai da maganarka ba, kana iya ƙin sa hannu, jami'in ya rubuta cewa ka ƙi. Ba sai an ɗaga murya ba. Ka ce: “Shef, ranka ya daɗe, ba na karatun Faransanci. A karanta mini da Hausa kafin in sa hannu.” Amsa laifin da aka samu ta hanyar duka ko barazana, alƙali ba ya karɓarta a doka, kuma azabtarwa laifi ce a kundin hukunta laifuka na 2016. Wanda aka doka ya nemi likita ya duba shi ya rubuta, tun tabon bai ɓace ba.

Iyali na da damar ganinsa?

Suna da ita. Lauya da dangi na iya ziyara a lokutan aiki, kuma ana iya kai abinci. A je tun ranar farko, a rubuta ranar kamu da lokacin, domin daga nan ake ƙirga awa 48.

To kuɗin da ake cewa a kawo a sake shi fa?

Babu kuɗin fita daga hannun 'yan sanda a doka. Na san uwa da ɗanta ke ciki ba ta jin wannan magana, za ta sayar da akuya ta kai. Amma abin da aka bayar ba tare da rasit ba bai rufe magana ba, gobe ana iya dawowa. Kuma mu ma da namu: ɗan kasuwa ya bi abokinsa bashi, sai ya je ya sa a rufe shi don ya tsorata. Bashin ciniki ba laifin ɗauri ba ne in babu zamba a ciki, maganar kotu ce ko ta dattawan kasuwa.

Me ya sa wasu ke yin makonni ba a kai su kotu ba?

Domin akwai dokoki biyu da suka fita daga wannan ƙa'ida, kuma sun shafe mu 'yan arewa sosai. Dokar Disambar 1990 ta ba gwamna da shugabannin mulki na yankuna ikon tsare wanda ake zargi da fashi kwana 15, ana sabuntawa. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 23 ga Disambar 2014 ita ma kwana 15 ce da ake sabuntawa, shari'ar kuma a kotun soja. Mutanen Mora, Kolofata da Mokolo sun san nauyinta. A ƙarshen Disambar 2014 an kwashe maza sama da 200 daga ƙauyukan Magdeme da Duble, gwamnati da kanta ta amsa cewa 25 sun mutu a tsare a Marwa. Duk wanda aka jingina wa wannan zargi, iyalinsa su nemi lauya a ranar, kada su jira sulhu.

In wa'adi ya wuce ba a sake shi ba, ina za a kai kuka?

Wurin mai gabatar da ƙara, domin shi ke sa ido a kan tsarewar 'yan sanda da jandarma. In bai motsa ba, kowa na iya rubuta wa shugaban babbar kotun yankin buƙatar a saki mutumin nan take saboda tsarewar ta saɓa doka, ba sai shi wanda ke ciki ba. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa, wadda dokar 2019 ta ba ikon shiga wuraren tsare mutane, ita ma tana karɓar koke. A tafi da kwafin katin shaidarsa, ranar kamu, da sunan ofishin da yake.