Waiwaye: Rijiyoyin da ambaliya ta bari a Jos da ƙauyukanta

A daren 22 ga Yulin 2012, azumi bai fi kwana uku da kamawa ba, aka tafka ruwan sama a Jos, rahotanni suka ce madatsar Lamingo ta tumbatsa. Ruwa ya bi ta Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo, ya ci rayuka sama da talatin, ya rushe gidaje fiye da 200. Makonni kaɗan bayan haka aka sake ganin irinta a kudancin Filato, wajen Shendam da Langtang. A shekarar ce hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ƙirga mutum 363 da ambaliya ta kashe a faɗin Najeriya, sama da miliyan biyu kuma suka bar muhallansu.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya biyo bayan janyewar ruwa. Jos bisa dutse take. Haƙa burtsatse a nan aiki ne mai tsada, wani lokacin a kashe kuɗi a tarar da ruwa kaɗan, shi ya sa talaka ya dogara da rijiyar hannu marar zurfi. Sau da yawa tsakaninta da shadda bai wuce taku goma ba, musamman inda gidaje suka cushe. Idan ruwa ya malala ya shafe tsakar gida, shaddar da rijiyar sun zama ɗaya, ko da bayan kwana biyu ruwan ya kwanta ya yi garau.

Mutanen ƙauyukan gefen gari sun fi shan wuya, domin famfon hukumar ruwa bai kai gare su ba tun asali. Rafi ne da rijiya, sai kududdufan da haƙar kuza ta bari tun zamanin Turawa. Waɗannan ramuka na nan birjik daga Bukuru zuwa Barkin Ladi, ana wanki, ana ban ruwan lambu, wasu ma har sha.

Tsarin agaji kuwa kusan iri ɗaya ne kullum: shinkafa, katifu, barguna, tankar ruwa ta zo sansani na ɗan lokaci, a raba ƙwayoyin kulorin. Da an tashi sansanin, kowa ya koma ga rijiyarsa. A nan ne, a ganina, ake yin sakaci. Rijiyar da ambaliya ta shiga tana bukatar a kwashe ruwanta, a yashe laka, a zuba kulorin mai ƙarfi ya kwana, a sake kwashewa, sannan a ɗaga bakinta da siminti a yi mata murfi. Aiki ne na kwana biyu zuwa uku, bai kai kuɗin buhunan shinkafa ba, amma ba ya kyau a hoto. Gidaje da dama sai su jefa alam su ce an gama, alhali alam datti kawai yake kwantarwa, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Cutar amai da gudawa ta shigo Najeriya a farkon shekarun 1970, kuma ba ta fita ba. A 2021 hukumar yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa ta ƙasa, NCDC, ta ƙirga mutum sama da dubu ɗari da ake zargin sun kamu, fiye da 3,000 suka rasu, Filato na cikin jihohin da ta taɓa. Jihar na da hukumar samar da ruwa da tsafta a karkara, PRUWASSA, an kuma haƙa burtsatse masu famfon hannu a ƙauyuka da dama. Sai dai famfon da ya lalace babu mai gyara, mata kan wuce shi da bokitinsu su nufi rafi.