Kasuwar Risani a Kudancin Maroko: Amsoshin Tambayoyin Masu Niyyar Zuwa

Kusan duk wanda ya shirya ziyarar Fas, ya kuma ji labarin tuddan yashin Marzuga, sai ya aiko mini da tambayoyi iri ɗaya a kan garin Risani, wasunsu ma na amsa su ga mutum guda fiye da sau ɗaya. Na tattara su a nan domin kowa ya karanta kafin ya sake tambaya.

A waɗanne ranaku kasuwar take ci?

Talata, Alhamis da Lahadi. Ka isa da hantsi, domin bayan Azahar mutanen ƙauyuka sun fara ɗaure kaya. Wanda ya je ranar Litinin ya dawo yana cewa bai ga komai ba, kada ya ɗora wa garin laifi.

Ina garin yake, kuma yaya ake zuwa?

Yana cikin dausayin Tafilalat, a kudu maso gabashin Maroko, inda kogin Ziz yake ƙarasawa cikin hamada. Daga Fas tafiyar ta haura kilomita 400, ta Azru da Midalt da Rashidiyya da Arfud, kuma a bas kusan wuni guda ne ko dare guda, saboda hanyar tana hawa duwatsun Atlas. Daga Arfud zuwa Risani kimanin kilomita 20 ne, kuma ana hawa manyan tasi na haɗaka masu ɗaukar mutum shida, waɗanda ba sa tashi sai sun cika.

Ina bukatar biza?

Mai fasfon Najeriya yana bukata. Sauran ƙasashe kowace da nata sharaɗin, kuma sharuɗɗan suna sauyawa, saboda haka ofishin jakadancin Maroko na ƙasarka za ka tambaya, ba ni ba.

Ba zan iya wucewa kai tsaye zuwa Marzuga in bar Risani ba?

Za ka iya, yawancin baƙi ma haka suke yi, amma wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai. Marzuga tana da nisan kilomita 35 ko kusa da haka daga Risani, yashinta kyakkyawa ne, sai dai kusan duk abin da ke can an tanade shi ne domin baƙo. A Risani kuwa mutanen yankin ne suke haɗuwa domin biyan bukatar kansu: manomin dabino ya kawo kwandunansa, makiyayi ya kawo tumaki, maƙeri ya baje laujensa, masu jakuna su ɗaure dabbobinsu a wani fili da aka keɓe musu su shiga cefane. Idan kana da ido a kan dabbobi, ka tsaya a ɓangaren tumaki ka ga irin da ake kira Daman, wadda asalinta na waɗannan dausayoyi ne kuma ta shahara da haihuwar tagwaye da 'yan uku. Mutumin da ya yi tafiyar dubban kilomitoci ya hau raƙumi na awa ɗaya, ya kuma tsallake kasuwar da ke ciyar da yankin baki ɗaya, bai ga Tafilalat ba.

Mutanen garin Larabawa ne ko Amazig, wato Barbar?

Duka biyun, kuma ba aikinka ba ne ka tsaya kana tantance su a fuska. A tsofaffin ƙauyukan laka masu ganuwa da ke kewaye da garin akwai iyalan Sharifai da sauran masu magana da Larabci, akwai baƙaƙen manoman dausayi da suka daɗe a wurin, sannan daga wajen dausayin makiyayan Ait Atta, musamman reshensu na Ait Khabbash da ke wajen Marzuga da Tawuz, suna shigowa da harshensu na Tamazight. A kasuwa kowa yana jin Darija, wato Larabcin Maroko, kuma za ka ji mutum guda yana ciniki da Darija ya juya ya yi wa ɗansa magana da Tamazight. Kundin tsarin mulkin 2011 ya mayar da Tamazight harshen hukuma tare da Larabci, shi ya sa za ka ga allunan ma'aikatu da rubutun Tifinag. Mutumin Agadas ko Tawa zai gane zubin haruffan, domin harshen Buzaye ɗan'uwan Tamazight ne, ko da yake ba lallai ne su fahimci juna a hira ba.

Larabcin da na koya a islamiyya zai ishe ni?

Zai kai ka. Za su fahimce ka, kai ne za ka sha wuya wajen fahimtarsu, domin suna haɗiye wasula kuma suna sauri. Faransanci ma yana aiki. Ka yi sallama cikakkiya kafin ka tambayi farashi, ka kira namiji da Sidi, mace da Lalla, dattijo da Alhaji, za ka ga yadda fuska take sakewa.

Me ya sa aka ce mini kilon tumatir ɗari biyu ne?

Kwantar da hankalinka, ba a cuce ka ba. Kuɗin ƙasar dirhami ne, amma a kasuwannin karkara mutane da yawa har yanzu suna lissafi da riyal, kuma riyal 20 ne dirhami ɗaya. Idan an ce maka ɗari biyu, dirhami 10 ke nan, idan an ce dubu, dirhami 50. Mutanen Nijar ba za su yi mamaki ba, tunda su ma da dala suke ƙirga sefa. Ka tambaya kawai ko riyal ake nufi ko dirhami, ka kuma riƙe canji ƙanana, domin mai sayar da na'ana'a ba zai iya fasa maka takardar 200 ba. Kada ka dogara da kati a cikin kasuwa.

Wani ya tare ni a tasha ya ce zai zaga da ni, wani kuma ya gayyace ni shan shayi. In yarda?

Wannan ba ta da amsa ɗaya, kuma duk wanda ya ba ka amsa ɗaya bai yi maka adalci ba. Gaskiya ne cewa a Risani akwai samarin da sana'arsu ita ce tarar baƙi a tashar mota. Wani zai ce maka babu motar Marzuga yau, ko masaukin da ka kama ya rufe, domin ya kai ka wurin wanda zai ba shi la'ada. Wani zai zaga da kai kasuwa da fara'a, tafiyar ta ƙare a shagon dardumai ko na kayan ƙamshi, a zuba maka shayi, a yi ta shimfiɗa kaya a gabanka har kunya ta sa ka sayi abin da ba ka yi niyya ba, kuma farashin da za ka biya ya riga ya haɗa da kason wanda ya kawo ka. Duk wannan yana faruwa, ba na ɓoye shi.

Amma gaskiya ne kuma cewa gayyatar shayi a wannan yanki tsohuwar al'ada ce, kuma akwai mutanen da za su ji kana daga ƙasar Hausa, su ji kana bin Malikiyya kamar su, su ɗauke ka zuwa gida ba tare da neman ko sisi ba. Idan ka rufe fuska ga kowa saboda tsoron 'yan la'ada, za ka wulaƙanta mutumin kirki, kuma wannan ya fi asarar dirhami 50 muni a wurina.

Abin da nake lura da shi, ba tare da na ce doka ce da ba ta karyewa ba, shi ne wurin da aka haɗu da kuma wanda ya fara neman wani. Wanda ya rugo gare ka tun ba ka sauke jaka ba, yana jera harsuna yana neman wanda za ka amsa, mai yiwuwa aiki yake yi. Wanda ka zauna kusa da shi a sahu, ko ka yi ciniki da shi aka gama aka biya sannan ya ce ka zo ka sha shayi, mai yiwuwa karamci ne. Na ce mai yiwuwa domin akwai ɗan la'adar da yake da amana kuma ya san tarihin garinsu sosai, akwai kuma gayyatar da ta fara da karamci ta ƙare da tayin darduma. Idan kana son jagora, babu aibu, amma ku yanke kuɗi tun farko, da dirhami, ka faɗa masa a fili cewa ba ka son shiga shago, ka kuma tambaya ko yana da katin jagoranci na ma'aikatar yawon buɗe ido, ko da yake rashin katin ba ya nufin mutumin ɓarawo ne. Idan ka sami kanka a shago an riga an zuba shayi, ka sha, ka yi godiya, ka ce Allah ya kawo kasuwa, ka fita, domin shan shayi bai wajabta maka saye ba. Idan kuwa gida aka kai ka, kada ka miƙa wa maigida kuɗi. Ka tsaya a hanya ka sayi ƙullin sukari mai siffar dutse da suke ba juna kyauta, ko ganyen shayi, ko 'ya'yan itace, shi ne abin da aka saba shiga gida da shi. Mace mai tafiya ita kaɗai ta karɓi gayyatar mata kawai, wannan kam ba na sassautawa a kansa.

Zan iya ɗaukar hotuna?

Na dabino da jakuna da ƙofar gari, ɗauki son ranka. Matan Tafilalat da ke lulluɓe da baƙin mayafi ba abin kallo ba ne, kuma ina jin kunya idan na ga ɗan'uwa Musulmi, wanda ba zai yarda a ɗauki hoton mahaifiyarsa a kasuwa ba, ya saita waya a fuskar matar wani. Namiji ma ka nemi izininsa. Kada ka ɗauki jami'an tsaro ko shingayensu, yankin yana kusa da iyakar Aljeriya wadda take rufe tun 1994. Jirgin ɗaukar hoto marar matuƙi kuma kada ka shigo da shi ƙasar ba da izini ba.

Wane dabino zan saya?

Majhul shi ne babba mai tsada, kuma wannan yanki ne mahaifarsa. Bufaggus ya fi shi araha, mutane da yawa kuma sun fi son ɗanɗanonsa. Ana girbi a watannin Oktoba da Nuwamba, a lokacin ne kasuwar take cika maƙil kuma ake bikin dabino a Arfud. Ka ɗanɗana kafin ka saya, ka sa a buɗe kwalin ka ga na ƙasa. Ciniki ana yi, amma da mutunci, domin manomin nan ya yi shekara yana fama da ƙarancin ruwa da cutar bayud mai kashe itacen dabino, bai kamata ka tsaya kana ja masa rai a kan dirhami biyu ba.

Ina zan yi salla?

Masallatai suna ko'ina, amma da yawansu ana buɗe su ne lokacin salla a rufe bayanta. Ƙira'ar Warshu suke yi, kuma ana karanta hizbi cikin jam'i bayan Asuba da Magariba, saboda haka wanda ya yi makarantar allo zai ji kamar a gida yake. A gefen gari akwai hubbaren Maulayi Ali Sharif, kakan gidan sarautar Alawiyya da ke mulkin Maroko har yau. Maulayi Rashid, wanda ya fito daga zuriyarsa, shi ne ya ci Fas a 1666. Musulmi kaɗai ke shiga cikin hubbaren.

Ina Sijilmasa da muke karantawa a littattafan tarihi?

Tana nan a bakin garin, kana iya zuwa da ƙafa, amma kada ka sa ran ganin birni. Ragowar bangayen laka ne da tudun ƙasa. An kafa ta wajen shekara ta 757, ta yi ɗaruruwan shekaru tana zangon ayarin zinariya da gishiri, ta rushe a ƙarshen ƙarni na 14. Daga nan ne Ibn Batuta ya tashi a 1352 ya bi ta Tagaza zuwa Mali, ya dawo a 1353 ta Takadda, wadda ke cikin Nijar ta yau, inda ya ambaci cewa ana kai tagullarta Gobir da Barno. Wannan dalili kaɗai ya isa Bahaushe ya ware awa ɗaya ya tsaya a wurin.

Ni baƙar fata ne, za a raina ni?

A Tafilalat baƙar fata ba baƙon abu ba ne, domin ɗimbin 'yan yankin baƙaƙe ne, kuma a ƙauyen Khamliya kusa da Marzuga akwai zuriyar waɗanda aka kawo daga kudancin Sahara a zamanin bauta, masu kiɗan Ginawa. Wannan ba ya nufin babu wariya, akwai ta, kuma tana iya fitowa a bakin yaro ko a yawan tambayar takardu a shingen jandarma. Ka riƙe fasfonka a jikinka kullum, ka amsa tambaya cikin natsuwa, ba za a daɗe ba za a sallame ka.

Me zan ci, kuma wane lokaci ya fi dacewa in zo?

Ka ci madfuna, gurasa ce da ake cusa wa nama da albasa da kayan yaji a gasa, kuma ita garin ya shahara da ita. Guda ɗaya tana isar mutum uku ko huɗu, kuma gasawar tana ɗaukar lokaci, saboda haka ka ba da odarta kafin ka shiga kasuwa. Game da lokaci, daga Oktoba zuwa Afrilu ya fi. A Yuli da Agusta zafi yana haura digiri 40, a Disamba da Janairu kuma dare yana sanyi har kusa da sifili, ɗakunan ƙananan masaukai da yawa ba su da abin ɗumamawa, don haka ka zo da rigar sanyi mai kauri da safa, ka kuma nemi ƙarin bargo tun kafin mai masauki ya kwanta.