Baba ya fara mantuwa? Ku bar sawo mishi ƙwayar barci

Jama'ar Tawa, don Allah ku saurare ni. Ba a ɗaukar lokaci sai an kawo muna tsoho ko tsohuwa a ƙaramin asibitinmu na CSI, ido a lumshe, yawu na zuba, in ka tambaya sai ɗan ya ce ai Baba ya ruɗe, ba ya barcin dare, yana ta neman hanyar gona, shi ne muka sawo mishi ƙwaya wurin mai tebur. Diyazefam! Haba jama'a. Ƙwayar nan ƙara ruɗa tsoho take yi, ta sa shi tangaɗi ya faɗi a banɗaki ƙugu ya karye, kuma in mun zo dubawa ba mu iya gane wanne ne ciwon wanne ne aikin ƙwayar.

Na san kun gaji, wallahi na sani, wadda ta kwana tana tsaron ƙofa kada Inna ta fita ita ta san zafin abin. Amma ba kowace mantuwa ce tsufa ba. Tansiyo da aka ƙi kula da ita tana taɓa ƙwaƙwalwa a hankali, suga in ya faɗi ƙasa yana ruɗarwa, ciwon fitsari kaɗai kan sa tsohuwa ta kasa gane jikanta cikin kwana ɗaya, ga ƙarancin ruwa a jiki lokacin zafin Afrilu da Mayu, ga rashin bitamin B12, ga wanda ya faɗi ya bugi kai makonni baya kowa ya manta. Da yawa cikin waɗannan suna da magani. Alzaima kuwa, ciwon mantuwa mai cin ƙwaƙwalwa a hankali, ba ta warkewa, ita ma sai an bincika ake sanin ita ce, ba mai tebur zai gaya muku ba.

To ku kawo su. Wanda yake zama da tsohon shi zai rako shi, ba yaron da aka aika ba, don za mu tambayi yaushe abin ya fara, a hankali ne ko farat ɗaya. Ku zubo duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya, har ƙwayar barcin, kada ku ɓoye, ba za mu yi muku faɗa ba. In ya daɗe yana shanta kada ku tsaida ta farat ɗaya, mu za mu rage mishi. Za mu auna tansiyo da suga, in da buƙata mu tura ku babban asibitin Tawa. In ruɗewar ta zo farat ɗaya, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, ku taho ko tsakar dare ne.