Karatun Lauya da Rayuwa a Makarantun Shari'a

Karatun shari'a, wanda aka fi sani da karatun lauya, shi ne horon da ake ba mutum domin ya san dokoki, ya iya fassara su, ya kuma yi aiki da su a matsayin lauya, alƙali, mai gabatar da ƙara ko mai ba hukumomi da kamfanoni shawara. A yawancin ƙasashe hawa biyu ne: karatun jami'a, inda ake koyon tushen doka da hikimarta, sai horon sana'a, inda ake koyon rubuta takardun kotu, tattaunawa da mai ƙara da tsayuwa gaban alƙali. Bambancin ƙasashe ya ta'allaƙa ne a kan yadda kowace ta raba wannan aiki tsakanin malaman jami'a da lauyoyin da ke bakin aiki. Tun fil azal ɓangarorin biyu ke jan igiya, kuma har yau ba wanda ya saki.

Asali

Makarantar shari'a da ta fi suna a daular Rum ita ce ta Berut, wadda ta bunƙasa tun ƙarni na 3 har girgizar ƙasa ta rusa birnin a shekarar 551. A shekarar 533 Sarki Jastiniyan ya tsara manhajar shekara biyar, ya fayyace littattafan da za a karanta kowace shekara, har ma ya hana tsofaffin ɗalibai muzguna wa sababbi, abin da ke nuna cewa wannan ɗabi'a ba ta yau ba ce.

A duniyar Musulunci fiƙihu ne ƙashin bayan karatun madarasa. Nizamiyya ta Bagadaza, wadda aka buɗe a 1067, an gina ta ne domin fiƙihun Shafi'iyya, kuma Imam Gazali ya karantar a cikinta. Mustansiriyya, da aka kammala a ƙarni na 13, ta haɗa mazhabobi huɗu a gida guda. Ɗalibi yakan lizimci malami shekara da shekaru, ya goge a fagen munazara, wato muhawarar ilimi, sannan ya karɓi ijazar karantarwa da ba da fatawa. Ijazar daga hannun malami take fitowa, ba daga makaranta ba.

A Turai kuwa, Bolonya ta Italiya ce ta farfaɗo da karatun dokokin Rum wajen ƙarshen ƙarni na 11, kuma 1088 ce shekarar da jami'ar ta ɗauka a matsayin ta kafuwarta. Malamai irin su Irnerius sukan karanta nassin Jastiniyan suna rubuta sharhi a gefen shafi, har Accursius ya tattara sharhohin a ƙarni na 13. Ɗalibai ne ke biyan malamai, su ne kuma ke cin tararsu idan suka makara ko suka tsallake babi mai wuya.

Ingila ta bi wata hanya dabam. Dokarta ta ginu ne a kan hukunce-hukuncen alƙalai, saboda haka ba a jami'a ake koyonta ba, sai a gidajen lauyoyi na Landan, waɗanda huɗu suka rage har yau: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple da Middle Temple. A can matashi yake kwana, ya ci abinci tare da manya, ya saurari muhawara, ya je kotu kallo. Sai a shekarun 1750 William Blackstone ya fara laccar dokar Ingila a Oxford, aka ba shi kujerar farfesa a 1758.

Yadda ƙasashe suka tsara shi

A Amurka ba a shiga karatun lauya sai bayan an gama digirin farko a wani fanni, ko tarihi ne ko lissafi. Daga nan a yi shekara uku a sami digirin JD, sannan a zauna jarrabawar lauyoyi ta jihar da ake son yin aiki. Da can ba haka abin yake ba: Abraham Lincoln bai taɓa zama a ajin shari'a ba, karatun kansa ya yi. Wannan ƙofa ba ta rufe gaba ɗaya ba, domin jihohi kamar Kalifoniya, Vermont, Virginia da Washington suna barin mutum ya koya a hannun lauya ko alƙali ya zauna jarrabawa, ko da yake masu bi ta nan ƙalilan ne.

A Ingila da Wales digirin LLB shekara uku ne, kuma ana shigarsa kai tsaye daga sakandare. Sana'ar ta rabu biyu, lauyoyin ofis da lauyoyin da suka ƙware wajen tsayuwa a manyan kotuna, kowanne da hanyarsa. Na biyun sai sun yi shekara guda suna bin wani babba kafin su tsaya da ƙafarsu, na farkon kuma tun 2021 suna da jarrabawar bai ɗaya mai suna SQE, haɗe da aikin shekara biyu. Ƙasashen da Ingila ta mulka da dama sun haɗe sana'ar, suka kafa makarantar horar da lauyoyi ta ƙasa wadda ake shiga bayan digiri: Gana ta buɗe tata a 1958, Najeriya a 1963. Indiya ta fito da digirin shekara biyar mai haɗa shari'a da ilimin zamantakewa a Bangalore a ƙarshen shekarun 1980.

Jamus ce ta fi tsanani wajen riƙe ragama a hannun hukuma. Bayan jami'a akwai jarrabawa ta farko, sai horon shekara biyu da ake zagayawa da ɗalibi kotu, ofishin mai gabatar da ƙara, ma'aikatar gwamnati da ofishin lauya, sannan jarrabawa ta biyu. Wanda ya haye duka biyun ya cancanci zama alƙali ko lauya, duk wanda ya zaɓa. Maki daga 0 zuwa 18 ne, 4 ne matakin tsira, kuma wanda ya sami 9 ya shiga sahun waɗanda ake rububi. Tsoron wannan jarrabawa ya haifar da wata tsohuwar sana'a ta malamai masu zaman kansu da ɗalibai ke biya su yi musu bita. Faransa kuwa ta raba hanya tun da wuri: mai son zama alƙali yana da makarantarsa a Bordeaux, mai son zama lauya ya yi wata 18 a makarantar lauyoyi.

Cikin aji

Darussan tushe kusan ɗaya ne ko'ina: dokar yarjejeniya, dokar laifuffuka, tsarin mulki, dokar mallaka da filaye, dokar ɓarna da diyya, ƙa'idojin shaida da na gudanar da ƙara. Salon koyarwa ne ya bambanta. A ƙasashen da dokarsu ke cikin rubutattun kundaye, malami yakan faro daga sashen doka ya gangaro zuwa misali. A ƙasashen da suka gaji Ingila daga shari'ar da aka yanke ake farawa, a tono ƙa'idar daga cikinta.

Wanda ya mayar da wannan ya zama tsari shi ne Christopher Columbus Langdell, da ya zama shugaban makarantar shari'a ta Harvard a 1870. Ya daina karanta wa ɗalibai lacca, ya miƙa musu tarin hukunce-hukuncen kotunan ɗaukaka ƙara, ya koma yi musu tambayoyi. Da farko ɗalibai da yawa suka ƙaurace wa ajinsa, amma kafin shekara 50 salonsa ya mamaye Amurka.

Ga yadda abin yake gudana. Akwai shari'ar Donoghue da Stevenson, wadda Majalisar Dattawan Birtaniya, a matsayinta na kotun ƙoli a wancan lokaci, ta yanke a 1932. Wata mata mai suna Donoghue a garin Paisley na Sikotilan ta sha lemon citta da wani ya saya mata, ta ce ta tarar da ruɓaɓɓen dodon koɗi a ƙasan kwalbar, wadda ba a ganin cikinta. Ba ita ta biya kuɗin ba, don haka babu yarjejeniya tsakaninta da kowa. Malami zai kira sunan ɗalibi ba zato ba tsammani: "Me ya faru? Wa ya yi ƙarar wa?" Ya amsa. "To me ya sa kotu ta ce mai masana'anta yana da alhaki a kanta?" Ya amsa wannan ma. Sai malamin ya fara sauya labarin: da kwalbar fara ce ana hango abin da ke ciki fa? Da mai shagon ne ya buɗe ta ya ajiye tun safe fa? Da ta ga dodon koɗin amma ta ci gaba da sha fa? Kowace tambaya tana gwada iyakar ƙa'idar, har ɗalibi ya gane wane ɓangare na hukuncin ne ya zama doka, wane ne kuma alƙali ya faɗa a kan hanya kawai. Abin mamaki, ba a taɓa tabbatarwa a kotu cewa akwai dodon koɗin ba, domin Stevenson, mai masana'antar lemon, ya rasu, aka sasanta.

Rayuwar ɗalibi

Shekarar farko ce ta fi jigata mutane, ba don yawan shafuka kaɗai ba. Ɗalibin da ya saba da hadda yakan tarar cewa a nan ana ba shi labari ne mai sarƙaƙiya, a ce ya zaƙulo matsalolin doka da ke ɓoye a ciki, ya kawo ƙa'ida, ya auna ta da abin da ya faru, ya yanke. Amsar da ta ga fuska ɗaya kawai ba ta cin maki. A makarantu da yawa jarrabawa guda ta ƙarshen zango ce ke yanke makomar darasi, kuma a Amurka ana auna makin kowa da na 'yan ajinsa, wanda ke sa gasa ta yi zafi. Duk da haka rukunin karatu na mutum uku ko huɗu shi ne mafakar yawancinsu, inda ake raba shari'o'i kowa ya taƙaita nasa.

Wajen aji akwai kotun gwaji, inda ɗalibai ke kare ɓangarorin ƙagaggiyar ƙara gaban alƙalai na gaske ko malamai. Mafi girma ita ce gasar Jessup ta dokar ƙasa da ƙasa, wadda aka fara a 1960, sai gasar Vis ta sasanta rikicin kasuwanci da ake yi a Biyana. A Amurka ɗalibai ne ke tace manyan mujallun shari'a, irin wadda aka kafa a Harvard a 1887, har su mayar wa farfesa da maƙalarsa ya gyara. Masana wasu fannoni kan yi mamakin wannan, kuma suna da gaskiya.

Mata sun daɗe a bakin ƙofa. Ada Kepley ta kammala karatun lauya a Amurka a 1870, Ingila ta rantsar da Ivy Williams a 1922 bayan dokar 1919 ta ɗage shamaki, Harvard kuwa ba ta karɓi mata ba sai 1950. Yanzu a ƙasashe da dama su ne suka fi yawa a aji.

Suka da gyare-gyare

Tsohon ƙorafi shi ne makaranta tana yaye wanda ya san hukuncin kotun ƙoli amma bai taɓa zama da talakan da mai gida ya kora ba. Jerome Frank, wani masanin shari'a Ba'amurke, ya yi wannan suka a 1933, ya nemi a koyi da likitoci masu koyo a gefen gadon majinyaci. Daga shekarun 1960 ɗakunan ba da taimakon shari'a kyauta suka yaɗu a jami'o'i, inda ɗalibai ke karɓar ƙorafin mutane na gaske ƙarƙashin kulawar lauya. Ƙorafi na biyu tsada ne, musamman a Amurka, inda bashin karatu ke tura matasa manyan kamfanoni ko da zuciyarsu na wani wuri.

Aron tsarin wata ƙasa ma ba kullum yake karɓuwa ba. Japan ta buɗe makarantu irin na Amurka a 2004 domin ƙara yawan lauyoyi, amma cin jarrabawa bai kai yadda aka yi alkawari ba, masu nema suka ragu, makarantu da yawa suka rufe, haziƙai kuma suka koma bi ta jarrabawar share fage da aka ɓullo da ita a 2011, wadda ke tsallake makarantar gaba ɗaya. Koriya ta Kudu ta fara nata a 2009 da makarantu 25 kacal, ta ƙayyade adadin ɗalibai, sannan ta soke tsohuwar jarrabawar shari'a a 2017.