Aure ba ya raba mutum da kallon batsa

A Kaduna, daga Tudun Wada har Rigasa, da an kama saurayi da fina-finan batsa a waya, maganar ɗaya ce: a yi masa aure zai daina. Ina ma haka ne. Akwai magidancin da matarsa na barci a gefensa, ƙarfe 2 na dare, shi kuma ya lulluɓe da bargo, hasken waya na haska fuskarsa. Ya sha rantsuwa ya bari, kwana uku ya koma.

Wanda abin ya kama har haka, sau da yawa ba sha'awa kaɗai ke jansa ba. Damuwa ce, ko kaɗaici, ko fargaba, kallon ya zama wurin ɓuya. Bayan ya gama sai kunya ta rufe shi, kunyar kuma ta sake tura shi can.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kasa riƙe kai a harkar jima'i cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Sharaɗinta: mutum ya kasa dainawa tsawon watanni, har abin ya taɓa aikinsa ko gidansa. Irin wannan likitocin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ke dubawa, kuma zuwa can ba hauka ba ne.