Dokar milisakan 100: dalilin da ake korar ɗan tsere alhali sai da bindiga ta tashi ya motsa

Duk sanda babbar gasar guje-guje ta zo sai an sake tono bidiyon Devon Allen, ɗan Amurkan nan da aka kora a zagayen ƙarshe na tseren tsallake shinge na mita 110 a gasar duniya da aka yi a Eugene na Amurka a 2022, ana ta cewa cuta ce kawai, wai ai kowa ya gani sai da bindiga ta yi ƙara sannan ya motsa. Eh hakane, bayan ƙarar ya motsa. Amma dokar World Athletics, hukumar wasannin guje-guje ta duniya, ba a nan ta tsaya ba.

Abinda ta ce shine in ka motsa cikin ƙasa da sakan 0.100 bayan ƙarar, to ka riga malam masallaci. Hujjarsu, kafin sauti ya shiga kunne, ƙwaƙwalwa ta gane, ta aika wa ƙafa saƙo, dole a ci aƙalla wannan lokacin, wanda ya fi haka sauri ba jin ƙarar ya yi ba, canka ya yi. Kuma ba da ido ake yanke hukuncin ba, akwai na'ura a jikin abin da suke tokare ƙafa da shi, ita ke auna lokacin da ƙafa ta fara dannawa.

To a nan mutane ke rikicewa, har na ga masu cewa 0.099 da aka rubuta wa Allen ai ya fi 0.1 yawa tunda 99 ta fi 1. A'a. Ka raba sakan ɗaya gida dubu, kowane gida sunansa milisakan. 0.1 milisakan 100 kenan, 0.099 kuma milisakan 99, wato guda ɗaya tak ya gaza. Ƙiftawar ido ma kan ɗauki milisakan 100 zuwa 400, kaga abinda ya kore shi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na yawancin ƙiftawa ba. 

Hukuncin ne mai zafi. Da can kowa yana da uzuri sau ɗaya, a 2003 aka koma kuskure ɗaya ga duka 'yan layin, daga 2010 kuwa ka yi sau ɗaya an ɗaga maka jan kati, sai gida. Masu gasannin da ke haɗa wasanni da yawa, irin su dikatalon mai wasanni goma da heptatalon mai bakwai, su ne kawai aka bar wa sassauci. Dokar 2010 ɗin ce ta ci Usain Bolt a gasar duniya ta Daegu a 2011, sai dai shi tun kafin bindiga ya tashi, ba gardama, a daina haɗa shi da Allen.

Ni dai inda nake da ja shine ita kanta 100 ɗin. Binciken da hukumar da kanta ta sa aka yi a Finland a 2009 ya nuna wasu na iya motsawa cikin milisakan 80 ba tare da canka ba, kuma a gasar da milisakan 5 ya raba Noah Lyles da Kishane Thompson a tseren mita 100 na Olympics a Paris 2024, korar mutum kan guda ɗaya ta yi tsauri. Har yau dai ba a taɓa lambar ba.